Bututun da Ba Shi da Iƙama

Badaru ya zo umra daga Gusau ya ƙi komawa, tun lokacin yake zaune a unguwar Waziriyya ta Jidda ba iƙama, wato takardar izinin zama. Aikinsa gyaran sandunan kamun kifi a ƙuryar wani shago, inda ko mai shagon ba ya son a san da shi. Matsoraci ne na gaske: motar 'yan sanda ta gifta a titi, sai ya nemi wurin ɓuya. Amma tsoron nan shi ya hana a kama shi a tasa ƙeyarsa gida, ya bar matarsa Talatu da yara a ɗakin haya ba mai ciyar da su.

Ran nan an kira azahar, mai shago ya sauke ƙofa rabi ya wuce masallaci, sai ga Abdulghani ya sunkuyo ya shigo da doguwar jaka. Haifaffen unguwar Bani Malik ne, Hausarsa rabi Larabci, kuma ba wanda ya san takamaiman sana'arsa, sai dai kullum fes yake da ƙamshin turare. Ya ce sanda ce ta ɗan fashe a tsakiya, a shafa mata gam.

Badaru ya karɓi jakar ya ji ba nauyi, hankalinsa ya kwanta. Ya zuge, ya ga baƙar saƙar zaren kabon irin wadda ya saba gani a sandunan masu hali. Sai da ya zaro abin duka ya lura ba ya lanƙwasa ko kaɗan, ga ƙarfe a kai da gindi, ga rami ya ratsa shi. Ya leƙa ramin, ya hango hasken ƙofa ta can ƙarshe da wasu layuka a murɗe. Bututun bindiga ne.

Abdulghani ya jawo bokiti ya kife, ya zauna tsakaninsa da ƙofa, ya shiga yabon kayan kamar mai talla. Wai siririn ƙarfe ne a ciki aka naɗe shi da zaren, shi ya sa ga kauri ga rashin nauyi, ka wuni da shi a duwatsu kafaɗarka ba ta sani ba. Wai damshin Jidda da ke cinye ƙarfe bai isa ya sa wa saƙar nan tsatsa ba. Sannan ya taɓe baki ya koma kan aibunsa. Saboda rashin nauyin, bindigar tana dukan kafaɗa ba tausayi, kuma in an yi ta harbi sai ka taɓa waje ka ji lafiya lau alhali ciki wuta ce. Mafi muni, ba ya jure bugu. Da ƙarfe zalla ne, ƙofar motar da ta datse shi ƙarzane kawai za ta bari, amma ga shi zaren ya ɗago. Abin da yake harbi da ita bai faɗa ba, Badaru ma bai tambaya ba.

Da ƙyar ya iya cewa wannan ba aikinsa ba ne, gara a mayar wa waɗanda suka sayar.

"Ya ammi, baffana, ai bindigar ma ba ta da iƙama," in ji Abdulghani a hankali. "Kamar kai take. Shi ya sa na kawo ta wajen ɗan'uwanta."

Daga nan ya tambayi lafiyar Talatu, ya ce ya ji har yanzu suna benen nan na bayan gidan burodi. Badaru bai taɓa gaya masa inda suke ba. Ya ɗauko gam ɗinsa mai saurin kamawa ya haɗa, yana jin tsanar mutumin nan har cikin ƙashinsa.

Ya shafa, ya kwantar da zaren, wani sili ya ƙi kwanciya. Abdulghani ya ce yalla, ya yi sauri, an kusa idar da salla. Sai Badaru ya yi abin da yake yi wa kowace sanda ba tare da tunani ba: ya lashi babban yatsansa ya danne wurin har gam ya kama. Da ya ɗaga, ya miƙa hannu zai ɗauki samfefa ya goge shatin kamar kullum, Abdulghani ya riƙe masa wuyan hannu.

Ya karɓi bututun, ya juya shi a hasken ƙofa. Zanen yatsan Badaru ya fito raɗau a cikin gam ɗin, layi bayan layi, yatsan da ya dangwala wa na'ura a filin jirgi ranar da ya sauka ƙasar nan.

"Khalas, ya isa, bar shi haka," in ji Abdulghani. "Ka ga wata fa'idar da na manta. Ƙarfe ana goge shi da tsumma, wannan kuwa ya riƙe basma, zanen yatsanka."

Ya mayar da shi jaka, ya zuge a natse, ya gyara zaman rigarsa. A bakin ƙofa ya sunkuya zai fita, sai ya waiwayo.

"Ka riƙa sa ta a addu'a, ammi. Allah ya sa kada ta faɗa hannun hukuma."

Badaru ya ji bakinsa ya ce amin, kuma har cikin ransa ya faɗe ta.