Injin Ya'u da Gaisuwar Suruki

Daminar da sojoji suka koma bariki, Halliru ya ci kansila a Wudil. Don a san an yi zaɓe, ya sayo injin yankan ciyawa daga Kano, ya damƙa wa Malam Ya'u, wanda ya shekara goma sha bakwai yana aske filin ƙwallon unguwa da lauje.

"Ranar Juma'a da la'asar zan buɗe gasa," in ji Halliru. "In filin bai yanku ba, Malam, sai in nemo matashi."

Maganar ta yi wa Ya'u zafi, don filin nan shi ne abincinsa.

Da sassafe injin ba ya gardama, ja ɗaya ya tashi. Sai dai filin a bakin hanya yake, Ya'u kuwa ba zai amsa gaisuwa cikin ƙara ba. Kowa ya yi sallama, sai ya kashe injin ya amsa. Mai gaisuwa ya wuce abinsa, shi kuma ya yi ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami, injin ko tari.

Ranar Laraba ya tura shi wajen Maikano, mai gyaran injin ban-ruwa. Kafin ya isa abin ya huce, Maikano na ja ya tashi.

"Munafuki!" in ji Ya'u. "A gabanka ne yake ladabi."

Maikano ya bar injin ya yi ta kuka har ya ɗau zafi, ya kashe, ya cire fulogi, ya ja igiya. Babu ko ƙyallin wuta.

"Kwayil ɗin ne, mai ba fulogi wuta. In ya yi zafi sai ya ɗauke. Sabon kwayil sai na shiga Kano mako mai zuwa. Kafin nan, in ka tayar kada ka kashe sai ka gama, don in ka kashe sai ya huce, rabin awa ko fi."

"To masu gaisuwa fa?"

"Ɗaga musu hannu, kamar 'yan siyasa."

Juma'a ranar kasuwa ce, hanya ta cika maƙil. Ya'u ya daure, yana tura inji yana ɗaga hannu, yana kallon yadda mutane ke taɓe baki, kunya kamar ta kashe shi. Saura kashi ɗaya cikin uku, rana ta kusa tsaka, sallar Juma'a na matsowa, sai ga Malam Abdulbaƙi daga Darki, mahaifin matarsa Safara'u, yana dogara sanda.

Ai suruki ba a ɗaga masa hannu. Ya'u ya dubi ciyawar da ta rage, ya dubi tsohon, ya kashe injin. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

Tsohon ya sami inuwa ya zauna. Ya tambayi Safara'u, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi damina. Ya ba da labarin saniyarsa mai ɗingishi da tsutsar da ta shiga gero, sannan ya manta ya sake komawa kan yara. Ya'u na ta "Lafiya lau, Baba," kansa a ƙasa, a ransa kuwa ya riga ya yi bankwana da filin.

Da tsohon ya miƙe, ya zunguri injin da sanda.

"Tashe shi mana in gani."

Ya'u ya miƙe ya matsa wajen injin. Ga aiki ya tafi, ga kuma abin kunya a gaban suruki. Ya yi bismilla ya ja igiya. Injin ya tashi da ƙara har tsohon ya ja da baya. Ashe gaisuwar ta kai ya huce sarai.

"Madalla!" Malam Abdulbaƙi ya ɗaga murya. "Yi aikinka, ɗana, ni ba na son tsayar da mutum."

Ya'u ya kama hannun injin, yana dariya har da ƙwalla. Kafin kiran salla filin ya yanku tas.