Mushen Bijimi a Kwalbatin Iyaka

A ranin shekarar dubu biyu da shida, lokacin da tumatirin Malam Jaji ya fara fure, wani bijimi ya zame daga gaɓar kanal, ruwa ya ja shi har cikin kwalbatin da ke ƙarƙashin gadar Tsamiyar Kwari, ya maƙale ya mutu. Mushen ya toshe hanya, ruwan da ke gangarawa gonakin ƙasa ya koma ɗigo. Babu makiyayin da ya ce nasa ne, domin kowa ya san tara ce ke jiran wanda ya amsa.

Malam Jaji shi ne mai unguwa, gonarsa kuma ita ce ta ƙarshe a layin. Bai ɗaga hankalinsa ba, domin ya san yadda ake yi. Shekarar da aka fara sako ruwan madatsar Tiga, jaki ya faɗa wannan wurin, mahaifinsa ya kira gayya, kafin azahar an fitar an binne. Shi ma gayyar ya kira. Magidanta sun zura igiya ke nan sai ga Kansila Salisu a kan babur, yana ɗaga hannu tun daga nesa.

"Baba Mai Unguwa, a dakata! Wannan aikin kwamiti ne."

"Salisu, yaushe mushe ya zama aikin kwamiti?"

"Tun da aka yi haɗin gwiwa, Baba."

Gadar nan ita ce iyakar ƙananan hukumomi biyu, ta gabas da ta yamma. Da yake kowane ciyaman kukansa shi ne abin da ake turowa daga sama bai isa ba, sai suka kafa kwamiti ɗaya da zai kula da kanal da kasuwa da ginin kotu, aka yanka raguna, aka ɗauki hoto. To kan bijimin yana gabas, wutsiyarsa tana yamma.

"Idan kuka ja shi ta wajenmu," in ji Salisu, wanda shi ne kansilan yamma, "mun amsa cewa kwalbatin namu ne ke nan, gyaransa ya hau kanmu har abada. Ku ja ta can."

Kafin a zagaya da igiya, kansilan gabas ya iso da irin wannan magana, da irin wannan hula. Suka yi ta nuna juna da makullin babur. Daga nan magana ta tafi kotu, alƙali ya ba da umarni kada kowa ya taɓa mushen sai ya zo ya gani da idonsa.

Zuwan alƙali kuwa sai da mota. Motar kwamiti tana ɗore a kan duwatsu a bayan kotu, domin an raba sayen taya, rabi gabas rabi yamma. Gabas ta kawo nata amma ba su shiga motar ba, na yamma kuma kullum suna hanya.

Wari ya cika unguwa, masu zuwa kasuwar Bunkure suna toshe hanci a kan gada. Masu injin ban ruwa suka ja tiyo daga saman kwalbatin. Malam Jaji ba shi da inji, bai taɓa ganin dalilin sayensa ba alhali ga kanal. Ƙasar gonarsa ta dare, furen ya soma zuba.

Babban ɗansa Lukmanu ya same shi a zaure, ya durƙusa.

"Baba, ka ba mu izini mu ja abin nan. Wa zai ce mu ne?"

"Ni zan ce. A gidan nan ba a taɓa tsallake maganar alƙali ba. Kakanka ya bar gona da geronta a tsaye saboda alƙali ya ce ya bari, bai yi gardama ba. Idan waɗancan ba su san darajar kujerunsu ba, ni na san ta tawa."

Iyatu matarsa ta jiyo daga tsakar gida.

"To Malam, bana sai mu yi miya da umarnin alƙali."

Malam Jaji ya tashi. Ya sa babbar riga ya je wurin ciyaman na yamma, aka ce yana Kano taro. Ya je wurin na gabas, aka ce ya tafi taron. Yaran da ya halarci sunansu ne suka bar shi a kan benci, babu ko ruwan sha.

Abin da kwamiti ya kasa, halittun Allah suka yi. Ungulu suka ci abin da ya fito fili, karnuka suka ja nasu, tarwaɗa suka ƙarasa na cikin ruwa. Wata safiya ƙasusuwan suka saki, ruwa ya ɓalle ya gangara har gonar Malam Jaji, ya kwanta a gindin busassun karare.

Ba a yi jinkirin shirya bikin buɗe kwalbati ba. Aka kafa rumfa a kan gada, aka ɗaura ƙyalle, ciyamomin biyu suka riƙe almakashi ɗaya. Sanƙira ya ce mai unguwa zai yi godiya a madadin manoma. Malam Jaji ya gyara rawani, ya karɓi lasifika.

"Al'adar magabata ce a gode wa ma'aikaci gwargwadon aikinsa, kuma bisa tsari. Muna godiya ga ungulu, da suka fara zuwa. Muna godiya ga karnukan gabas da na yamma, da suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa ba su nemi mota ba. Muna godiya ga tarwaɗa. Iyakar waɗanda na gani a bakin aiki ke nan."

Manoma suka tuntsire da dariya, suka hau tafi. Ciyamomin, da ke hirarsu tun da ya fara, suka ji tafi sai suka taya, har na gabas ya miƙe ya ɗaga wa jama'a hannu.

Malam Jaji bai tsaya cin shinkafa ba. Ya wuce gona da rawaninsa, ya tarar da Lukmanu ya fara tuge kararen, shi ma ya naɗe hannun riga ya kama layi na biyu.