Ranar da Aka Danne Wanzami

Babu namijin da aka haifa a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarabawa, da bai ɗanɗana askar Babandi ba. Shi ke kaciya, shi ke ƙaho, shi ke cire beli. Jini a wurinsa kamar ruwan alwala ne. Amma da aka ce maniyyaci ba zai hau jirgi ba sai da allurar sanƙarau, sai ga shi a ƙofata, ni malamin unguwa, yana tambaya ko littattafaina sun ambaci inda aka yafe wa mai furfura. Na ce sun yi shiru, kuma sanƙarau bai yafe wa matata Hawa ba, da ta je biki Kano ta dawo wuya a sandare. Ya ce Allah ya jiƙanta, ya koma maganar allura.

Ranar da ma'aikatan lafiya suka kafa tebur a bakin masallaci, aka haɗa layin maniyyata da na samarin unguwa. Babandi ya yi ta ba mutane wuri cikin wani ladabi da ba mu san shi da shi ba, har ya zama na ƙarshe. Nas ɗin, wata Bayarabiya daga unguwar Mokola, ta ce ƙanƙarar maganinta na narkewa, kuma ba za su sake zuwa ba kafin tashin alhazai. Ya ce bari ya kewaya tukuna.

Samarin, da ke gefe suna murza dantse, suka dubi juna. Rabe, mai dako a kasuwar Bodija, ya rungume shi ta baya ya zaunar a benci. Biyu suka kama ƙafafu, daidai yadda aka taɓa riƙe su a gabansa.

"Baba, cije, yanzu za a gama," in ji Rabe. "Dubi sama, ga jirgin Makka can."

Da wannan jirgin Babandi ya yaudari kowannensu ranar kaciya. Ya san ƙarya ce, shi ya ƙirƙiro ta. Duk da haka ya ɗaga kai.

Da ya sauke, nas tana rufe akwatinta. Ya tambaya ko an fasa ne, aka ce an gama. Ya duba wurin da idon sana'a, ya ce hannunta ba laifi, sai dai ta cika gaggawa.

Ya sauke farali, ya dawo da haƙorin Makka. Yanzu in zai yi wa yaro kaciya, shirwa yake nuna masa.