Wurin Zaman Akoko a Kwalekwale

Shekara uku ke nan da jikata Akoko ta tafi itace. Haka muke faɗa idan ɗaya daga cikin tagwaye ya riga ɗan'uwansa. Ɗaya kalmar ba a furta ta, musamman a kunnen wanda ya rage, don kada zuciyarsa ta ɗauke shi ya bi sahu. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, tana da shekara shida. Da aka gama abin da ake yi, surukata Ayoko ta je wurin masassaƙi aka sassaƙo Akoko da farin itace, tsawonta bai wuce tafin hannuna ba, aka miƙa wa Akwele, wadda suka zo duniya tare.

Tun daga ranar, in an yi wa Akwele wanka sai a yi wa Akoko. In an ɗinka wa wannan riga, a ɗinka wa waccan da ragowar yadin. In an zuba abinci, a sa mata loma a murfin kwalba. Makaranta ma tare suke zuwa, kuma malamai ba su taɓa cewa uffan ba, don akwai irinta biyu a ajin gaba. Sabulu ya cinye wa Akoko hanci, idanun sun shafe, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kullum ƙara kama take da matata marigayiya, wadda masassaƙin bai taɓa gani ba. Na faɗa wa mutanen gidan, babu wanda ya kula ni.

Ɗana Kanyi, uban yaran, injin ɗaga kaya yake tuƙawa a tashar jiragen ruwa ta Lome. Bara ya shiga wani sabon coci da suke taruwa a tsohon ɗakin ajiyar siminti, kuma tun daga nan sunan Akoko ya fita daga bakinsa, sai dai ya ce icen nan. Da aka ba da hutu ya yanke magana a gaban kowa: icen nan ya gama zuwa makaranta, ranar Lahadi zai kai shi wurin fasto a ƙona tare da na sauran mutane. Ayoko ta ce sai dai ya haɗa da ita. Akwele kuwa ta samo tsohon ɗankwalin uwarta ta ɗaure Akoko a ƙugu, ko bayi za ta shiga ba ta kwance ta.

A cikin wannan zaman ne Asabar ta zo, ranar da Kanyi ya yi wa yara alkawarin ƙetare tafki tun kafin jarrabawa. Akwele ta zo ta uku a ajinsu. Ƙanenta Edo, ɗan shekara bakwai, ya zo na talatin da ɗaya, amma shi ya fi kowa ɗokin tafiyar. Ayoko ta cika kwando da ablo, wato turararriyar wainar masara, da soyayyen kifi da barkono, da ɗan kwanon wake da manja na tagwaye. Muka tari tasi zuwa Agbodrafo, garin da ke bakin tafkin.

Tun ba mu fita gari ba aka fara rigima. Kanyi yana gaba, ya waiwayo ya ga kan Akoko ya leƙo daga ɗankwali, an sa mata riga shuɗiya irin ta Akwele.

"Na ce a bar abin nan a gida."

"Ka ce Lahadi," in ji Ayoko. "Yau Asabar. Ko a cocin naku an sauya kwanakin mako?"

"Ki iya bakinki a gaban yara."

"Yara sun ji wanda ya fi wannan daga bakinka, uban tagwaye."

"Na hana ki kira na da sunan nan."

"To me zan kira ka? Uban ɗaya da rabi?"

Direba ya ƙara muryar rediyo. Ni ina kallon bishiyoyin kwakwa na bakin teku, duk sun karkata gefe guda kamar masu sauraron gulma, sai guda ɗaya kusa da Bagida da ta karkata ɗaya gefen. Na nuna wa Edo, ya ce shi amai yake ji. Aka tsaya ya yi, ya ɓata wa ubansa takalmi, Kanyi ya ce laifin Ayoko ne da ta ɗura wa yaro koko da sassafe, ita kuma ta ce yaron ya gaji raunin ciki daga dangin ubansa ne.

Muka isa bakin tafki rana ta ɗaga. Kwalekwale ɗaya ne a gaɓa, sauran matuƙan sun tafi jana'izar wani ɗan'uwansu. Ya kusa cika da mata masu kwandunan kifi da wasu samari biyu da buhun gari. Matuƙin dattijo ne mai suna Amuzu, siriri kamar gorar da yake tuƙi da ita, kunnensa na hagu a tsage gida biyu. Na so in tambaye shi abin da ya tsaga shi, ban samu dama ba.

"Ku nawa ne?" in ji shi.

"Biyar," in ji Kanyi.

Amuzu ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙugun Akwele. Ya cire hularsa ya ɗan rusuna wa Akoko, sannan ya mayar.

"Sannu da zuwa, uban tagwaye. Ku shida ne, wuri biyar ya rage mini."

"Ka sake ƙirgawa, tsoho. Ni, matata, ubana, yara biyu."

"Yara uku."

Ayoko ta sa baki da sauri, don ita ma ta hango inda za a. "Baba, ai a cinyar 'yar'uwarta za ta zauna."

"Shekarunta nawa?"

"Tara."

"Budurwa 'yar shekara tara ba a ɗora ta a cinya kamar ƙullin kaya. A mota ku yi yadda kuka ga dama, a kan ruwa kuwa tagwaye kowa da katakonsa. Haka na tarar ubana yana yi. Ba na karɓar komai a kanta, amma wurinta wurinta ne. In ba ku rabuwa, ku jira in kai waɗannan in dawo."

"Awa nawa ke nan?"

"Ruwa ya sani. Biyu, ko uku in iska ta juya."

Kanyi ya yi wata dariya marar daɗi. "In tsaya awa uku cikin rana saboda guntun ice?"

Wata mai kifi daga cikin jirgin, ƙatuwa mai ɗaurin ƙirji, ta ce, "Ji bakinsa. Allah ya ba ka biyu kana ce wa ɗaya ice. Wasu shekara goma suna nema ko ɗaya ba su gani ba."

"Da ke nake magana?"

"Da mu duka kake, tunda kifinmu kake busarwa a rana."

Na ga abin zai yi nisa, sai na ce su tafi su biyar har da Akoko, ni in zauna a gaɓa. Da gaske nake, don na hango wasu ƙaguwoyi masu hannu ɗaya babba ɗaya ƙarami suna ɗaga wa juna hannu a cikin taɓo, kuma da na wuni ina kallonsu da ban gaji ba.

"Ba inda za ka zauna, Baba," in ji Kanyi. "A bar ubana a ƙasa a ɗauki gunki? A gabana?"

"Yau ka tuna kana da uba," in ji Ayoko. "Wata nawa rabonka da zama ka ci abinci da shi?"

"Ke ce kika mai da gidan nan haka. Kin hana yarinya ta zama mutum, kullum tana goye da abin da ba ya ji ba ya gani."

"Ni na haife su, ni na san yadda zan riƙe wadda ta rage mini. Kai ina kake ranar da jikin Akoko ya yi zafi? Kana kan injinka."

Maganar ta same shi a inda ba ya so. Ni na san ya yi kwana biyu yana roƙo a wurin aiki a ba shi izinin dawowa gida a lokacin ba a ba shi ba, ita ma ta sani. Fuskarsa ta yi baƙi, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya juya wajen Akwele, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da nata, ya yi magana a hankali yadda kowa zai ji.

"Akwele, saurare ni. Babu wani itace da ta tafi. 'Yar'uwarki ta mutu. Ni na ɗauke ta da hannuna na sa a ƙasa. Ta mutu, ba za ta dawo ba."

Mai kifin nan ta tofar da yawu a ruwa sau uku, wata ta toshe kunnen ɗiyarta da tafukan hannu. Ayoko ta saki kwandon abinci, kwanon wake ya kife a yashi. Ta kai hannu za ta rufe kunnen Akwele, amma an riga an gama.

Amuzu ya zare gorarsa daga taɓo. "Yanzu ku biyar ne," ya ce. "Bakin da ya faɗi wannan a kunnen 'yar biyu ba ya hawa jirgina yau. Uwar tagwaye, shigo da 'ya'yanki."

"Babu mai shiga," in ji Kanyi. Ya miƙa wa Akwele hannu. "Ba ni shi. Yau za a gama, ba sai gobe ba."

Akwele ta dubi hannun. Ba ta yi kuka ba, ni kuwa da ta yi da hankalina ya fi kwanciya. Ta ja da baya taki ɗaya, ta ƙara, har ruwa ya shanye takalmanta na coci, ya kai gwiwa, ya jiƙa gefen shuɗiyar rigarta. Na ɗauka abin da tsofaffi ke tsoro ne ya zo tun ba a je ko'ina ba. Amma jirgin ta nufa. Ta kama gefensa, mai kifi ta ɗago ta da hannu ɗaya. Ta zauna, ta kwance ɗankwalin, ta share katakon da ke kusa da ita da tafin hannu, ta zaunar da Akoko, ta gyara mata riga.

Ayoko ta ɗauki kwando ta ja Edo, wanda ke ta tambaya ko an fasa tafiyar. Saura ni.

"Baba, har da kai?" in ji Kanyi.

Na ce masa, "Kai ka yi musu alkawari. Wani daga gidanmu ya kamata ya cika shi."

"Ku tafi. Amma duk wanda ya hau jirgin nan ya san abin da ya zaɓa."

Samarin suka kama ni na hau. Amuzu ya kafa gora ya tura. Kanyi yana tsaye a gaɓa da takalminsa mai tabon amai, kaji sun taru a ƙafarsa suna tsattsagar waken da ya zube.

Tafkin nan wata shida ruwansa da gishiri, wata shida babu, kuma ban taɓa samun wanda ya gaya mini ranar da yake juyawa ba. Na tsoma yatsa na ɗanɗana, na ji tsaka-tsaki. Ayoko ta harare ni.

"Ɗanka ya kashe mini yarinya da baki, kai kana lasar ruwa."

"Tana nan zaune, 'yata."

"Kai ka haife shi. Da ka tsawata masa tun bara da ba a kai nan ba. Kullum kana kallon tsuntsaye da ƙwari, gida yana cin wuta."

Akwai gaskiya a maganarta. A ƙetare muka zauna ƙarƙashin mangwaro muka ci ablo da kifi. Edo ya ci nasa ya ci rabin nawa. Akwele ta gutsuro kifi ta cire ƙaya ta ajiye a gaban Akoko a kan ganye, ita kanta ba ta kai komai baki ba. Uwarta ta lallashe ta, ta yi mata tsawa, ta sake lallashi. Sai can ta ɗago ta tambaye ni ko wuta tana yi wa itace zafi. Na ce ban sani ba, amma ba za mu gwada ba.

Da muka dawo gaɓa da la'asar babu Kanyi. Mai sayar da kwakwa ta ce ya daɗe a tsaye, sannan ya hau babur ɗin haya ya tafi. A gida muka tarar ya kwashe kayansa daga ɗakin Ayoko ya mayar ƙaramin ɗakin da ke bakin ƙofa. Ranar Lahadi ya yi wanka ya tafi cocinsa hannu wofi, bai tambayi kowa komai ba. Akwele ta yi kwana biyu ba ta ci abin kirki ba, uwarta tana bin ta da kwano daga ɗaki zuwa tsakar gida, a rana ta uku ta ci.

Sauran hutun haka ya wuce. Kanyi yana cin abincinsa a waje, in ya shigo ya kira Edo ya ba shi biskit, ya ajiye na Akwele a kan taga. Nan biskit ɗin yake kwana har tururuwa su same shi.

Ranar da aka koma makaranta ina zaune a ƙofar gida, Kanyi yana goge babur ɗinsa zai tafi aiki. Akwele ta fito da kayan makaranta, Akoko a aljihun gaba na jakarta, kanta a waje, sanye da irin rigar makarantar. Hanyar ƙunci ce, sai ta raɓa jikinsa kafin ta wuce. Ya tsaya da tsumma a hannu yana kallonta, ita ma ta dube shi. Ta gaishe ni, ta kama hannun Edo suka fita titi, shi kuma ya sunkuya ya ci gaba da goge ƙafar babur.