Wadda Aka Manta a Tasha

Likita bai yi mana ɓoye-ɓoye ba: aikin zuciya za a yi wa Mama, kuma a shekarunta ba lallai ne ta farka ba. Shi ya sa na zo asibitin, bayan na daɗe ina wasan ɓuya da ita. Magana ɗaya nake so in ji daga bakinta kafin a shiga da ita, wato ta amsa cewa ta manta da ni a tashar mota ina ƙarama.

Ina tuna ranar sarai. Benci mai sanyi, warin mai, takalmina ƙafa ɗaya ya cire, motar ta tashi ina ihu ba wanda ya waiwayo. Da wannan haushin na girma. Da shi na zama malamar ƙananan yara, irin wadda ba ta rufe aji sai an zo an ɗauki yaro na ƙarshe. Uwar da ta makara kuwa ta san sauran, don ba na raga wa kowa.

Na tarar da Yaya, babbar yayata, tana cire wa Mama 'yan kunne tana sakawa a jakarta. Ita ke jinyarta tun da ciwon ya fara. Mama ta rame, robar ƙarin ruwa a hannunta, amma bakin nan nata yana nan.

"Auta ce? Lallai abin ya yi tsanani, tunda har kin zo."

Ban yi dariya ba. Daga baranda ina jin ƙarar gadon da ake tura marasa lafiya yana matsowa. Na ja kujera.

"Mama, tambaya ɗaya. Ranar da kika bar ni a tasha, me ya sa ba ki taɓa ce min in yi haƙuri ba?"

Hannun Yaya ya tsaya cak a bakin jaka. Mama ta ƙura min ido, kallon wanda aka yi wa magana da wani yare.

"Ke? A tasha?"

"Kar ki ce kin manta. Takalmina ma..."

"Auta, kina bayana ranar. Ko zama ba ki fara ba. Zazzaɓi ne ya rufe ki, kina ta sheƙa, hankalina duk yana kanki, na shige mota na bar..." Ta juya wajen Yaya.

Raina ya ɓaci sosai. Na ɗauka haɗa baki suka yi.

"Yaya, faɗa mata gaskiya mana!"

"Takalmina ne," in ji Yaya, ba ta ko ɗago ba. "Ni na ba ki labarin. Kullum sai kin ce in maimaita, har kika haddace. Wata rana na ji kina ba yaran maƙwabta, kina cewa ke ce. Na ce ƙarya kike, kika yi ta birgima kina kuka har numfashinki ya ɗauke. Mama ta ce in bar miki, yarinta ce, za ki manta."

Na sake neman bencin a raina. Yana nan daram, da sanyinsa da komai, ko kaɗan bai dusashe ba. Abin da ya fi tsorata ni ke nan. Idan wannan ba nawa ba ne, to wace ce ta yi shekaru tana ƙin ɗaga wayar uwarta?

Ma'aikaciyar jinya ta shigo da mutum biyu. "Za mu wuce da ita. Mutum ɗaya ne zai raka ta zuwa ƙofa."

Suka fara sauya wa Mama gado. Na kama gefen rigar Yaya, na rage murya.

"Ke ba ki ji haushinta ba?"

"Na ji. Har yau ina ji." Ta zare rigarta daga hannuna, ta tura ni gaba. "Ni na sha yin maganata da ita. Je ki, ke ce ba ki da lokaci."