Dabino Shida na Baba Hammawa

"Yaya Halliru, taso, Baba ya faɗo."

Ina tsugune a zaure da ƙwaryar koko a hannu Lauratu ta faɗo ciki, ba sallama, ba mayafi. Ban tambaye ta daga ina ya faɗo ba. Duk Kurugu babu wanda bai san inda mahaifinta, maƙwabcina Baba Hammawa, yake wayar gari ba. Na ajiye ƙwaryar muka nufi bakin rafi da gudu.

Muka same shi kwance a gindin dabino, tsaninsa ya karye gida biyu, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Na durƙusa zan taɓa, ya ture hannuna.

"Bar ƙafar nan, Halliru. Ɗaga kai ka duba sama."

Na duba. A tsakiyar ganyen, kwanson fure ya tsage, wani fari-fari kamar zaren auduga ya leƙo.

"Biyar sun buɗe," ya ce, numfashinsa na sarƙewa. "Saura autarsu. Ka ga ranar ta zo ko?"

A kan ƙyauren garkar muka ɗauko shi zuwa gida, ni da wasu masu noman rani biyu. Maɗori ya zo ya lalube shi, ya ɗaure abin da zai ɗauru, sannan ya ja ni waje ya ce ƙugu ya tafi, haƙarƙari biyu sun shige ciki, mutum mai shekara sittin da ɗoriya kuma sai dai addu'a.

Shekara goma sha biyu ke nan Baba Hammawa yana fama da dabinon nan. Wani alhaji ne mai wucewa ya ba shi guda goma ya sha ruwa da su a watan azumi. Ya cinye, ya ƙi yar da ƙwallayen, ya ce shi ma sai mutanen Kurugu sun buɗe baki da dabinon garinsu. Aka yi ta dariya, aka sa masa suna Balaraben Kurugu. Ya kafa jigo a bakin rafi, wato dogon itacen nan mai guga a kai da ake jan ruwa da shi, ya shiga ban ruwa safe da yamma. Shekarar da fara ta cinye gonaki ma ya ba su ruwa. Ranar da aka binne matarsa ma, daga maƙabarta garka ya wuce. Bakwai suka rayu.

Ni kuwa tun ranar da ya shuka nake cewa zan yi tawa garkar kusa da tasa. Har na sassaƙa turakun shinge. Gara ta cinye su a bayan ɗaki.

Sau ɗaya na taɓa yi masa aiki da hannuna, shi ne kuma ya jawo duk wannan. A cikin bakwai ɗin akwai guda da ke cika fure fiye da kowacce, amma ko ɗa ɗaya ba ta taɓa riƙewa ba, alhali sauran suna ɗan yin 'ya'ya ko da marasa daɗi. Ni na ba shi shawara a sare ta, tunda ruwa kawai take sha, ni kuma na ɗauko gatari. Daga shekarar ko 'yan 'ya'yan ma suka daina tsayawa, sai su kaɗe tun suna kore. Sai da wani Buzu mai fataucin gishiri ya ga kututturen, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai mijinsu muka kashe. Dabino akwai namiji akwai mace, in ba a ɗebo furen namiji an ɗaura a cikin na macen ba, kwana uku zuwa huɗu da buɗewarsa, to shekarar ta tafi.

Baba Hammawa bai taɓa yi mini gori ba. Cigiya ya shiga yi kasuwa-kasuwa, har ya ji labarin wani Ɗanmaliki a Falgore, can wajen Rogo, mai namijin dabino a ƙofar gida. Tafiyar yini guda ce a ƙafa. Bana ya shirya zuwa ɗebo furen da kansa, har ya ɗinke takalmansa.

Da la'asar ya sa aka kira ni. Yana kwance a kan tabarma, Lauratu na masa fifita duk da sanyin da ake yi.

"Halliru, ban taɓa roƙon ka komai ba."

"Haka ne, Baba."

"Ka je Falgore. Ka ce wa Ɗanmaliki Hammawa ne, lokaci ya yi. Ga takalmana nan in naka sun mutu."

"Wannan ai ƙaramin abu ne, Baba. Gobe da asuba ina hanya."

Ya dube ni ya ɗan jima. "Gobe," ya ce, ya juya fuska bango.

Wallahi da niyya na kwanta. Amma da gari ya waye sanyi kamar ya tsaga ƙashi, sai na tuna Laraba ce, kakata kuwa ba ta taɓa barin wani nata ya kama doguwar hanya ranar Laraba ba. Na ce kwana ɗaya ba zai kashe fure ba. Na yini ina gyaran gora da neman sanda mai kyau, har na ji kamar na yi rabin tafiyar.

Ranar Alhamis na fito da shirina sosai. A gindin tsamiya na tarar da majalisa ta yi zafi, ana cewa masu ɗiban soja suna tare hanyar Rogo, duk ƙaton da suka kama sai ƙasar Bama, yaƙin Turawa. Wani ya ce ya ji daga bakin wanda ya gani. Na zauna in ji ƙarshen maganar. Da na ɗaga kai rana ta take tsaka.

Zaituna matata tana daka na shigo. Ta dubi gorar, ta dube ni.

"Har ka dawo daga Falgoren? Sannu da hanya."

"Ke ba ki ji abin da ake yi a hanya ba? Soja ake ɗiba."

"Su ɗauke ka su yi me da kai? A ce maka harba, ka ce sai gobe?"

"Zaituna, ki iya bakinki."

"Na iya shi shekara goma ina jiran rufin ɗakin girki." Ta ci gaba da dakanta.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da su. Ranar ina jin tarinsa, ina jin yana tambayar Lauratu ko na dawo, ina jin ta tana cewa hanya ce da nisa, Baba. Na lafe a ɗaki don kada ya ji muryata.

Ranar Juma'a da sassafe na leƙo zaure sai ga Lauratu za ta wuce. Ta sha ɗamara, ta sa takalman ubanta da suka yi mata yawa, da sandarsa a hannu. Mace ce da mijinta ya rasu bara, ko Karaye ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba.

"Ina zuwa haka, Lauratu?"

"Falgore."

"Haba, ai yanzu nake shirin..."

"Ci gaba da shirinka, Yaya. Ka dai ce wa Yaya Zaituna ta riƙa leƙa Baba, tana juya shi."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta zage ni. Na karɓe sandar daga hannunta, ta tuɓe takalman ta ajiye mini a ƙasa ba tare da ta dube ni ba.

Ko soja ɗaya ban gani a hanya ba. Mata masu tallan nono na gani, da wani tsoho mai korar jaki. Rana na shirin faɗuwa na isa Falgore, aka nuna mini gidan. Ɗanmaliki gajeren mutum ne mai furfura, muka gaisa, ya tambayi gida da sanyi da mutanen Kurugu, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Allah sarki, Hammawa. Sau biyu yana takowa nan bara, don kawai ya ga itacen da idonsa. Yaushe nasa suka buɗe?"

"Talata."

Ya tsaya yana lissafi da yatsu. "Talata, kuma yau Juma'a. Kafin ka koma Asabar ta yi nisa. Me ya tsare ka, ɗan'uwa?"

"Hidima."

"Hidima," ya ce. Ya hau da kansa ya yanko reshen fure biyu, ya naɗe mini a busasshen ƙyalle, ya nuna mini yadda zan tsattsaga, in cusa a tsakiyar furen macen, in ɗaure da zaren kaba. "Wanda ka ga ya yi ja-ja kada ka ɓata a kansa. Ya riga ya rufe."

A zaurensa na kwana, ana idar da sallar asuba na kamo hanya. Rabon da in yi sauri irin na ranar tun ina saurayi. Takalman suka ci mini dunduniya, na cire na rataya. Bayan azahar na shigo Kurugu, ban bi ta gida ba, kai tsaye garka. Na ɗaure tsanin da igiya na hau ta farko. Ja. Ta biyu, ja. Har ta biyar, furen ya yanƙwane kamar gashin masara. Na hau ta shida, 'yar ƙaramar da ke bakin jigo. Kwansonta bai daɗe da tsagewa ba, furen fari tas. Na cusa, na ɗaure, ƙayar dabino na yagar hannuna ban ji ba.

Na same shi ya ragu kamar an ɗebe rabinsa. Leɓensa ya bushe, numfashi na fita da ƙara. Lauratu na zaune a gefen kansa, Zaituna a bakin ƙofa.

"Halliru ne?"

"Ni ne, Baba. Ɗanmaliki na gaishe ka. An ɗaura."

"Nawa?"

"Duka shida."

Ya lalubo hannuna, ya shafa inda ƙaya ta tsaga, ya kai hancinsa ya shinshina ƙurar furen da ta maƙale a yatsuna.

"Ƙamshinsa ke nan ashe," ya ce. "Halliru, ƙugu na karya, ba ƙoƙon kai ba. Ina jin tarinka ta katanga ranar Laraba. Na ji shi ranar Alhamis. Nawa?"

Na sunkuyar da kai. "Ɗaya."

"Wacce?"

"Ta bakin jigo."

"Auta." Ya yi wani abu kamar dariya, tari ya sarƙe shi, Lauratu ta tallafo kansa. "Ita ma irinka ce, ba ta sauri. Kun dace."

"Baba, ka yafe mini."

"Shekara hamsin na yi ina irin zamanka kafin in shuka ƙwallon farko. Da wane baki zan riƙe ka?" Ya huta. "Kwana biyar ba su sha ruwa ba."

"In Allah ya yarda gobe da sassafe..."

Ya buɗe ido ya dube ni. Irin kallon ranar Talata.

"Rana ba ta faɗi ba tukuna," ya ce.

Na tashi na koma bakin rafi. Ban taɓa jan jigo ba, gugar farko a jikina ta ƙare. Ina kan ba ta huɗu ruwa na jiyo salatin mata daga cikin gari. Na tsaya da igiya a hannu. Sannan na ƙarasa ta biyar da ta shida, na wanke ƙafa, na tafi.

Washegari da hantsi aka kai shi. Mutanen da suka shekara goma sha biyu suna kiransa Balarabe suka cika zaure suna cewa ai mutum ne mai himma, irinsa sai an tona. Wani har ya tambaya ko bana za a sami dabinon sadaka.

Ni dai safe da yamma ina garka. Hannuna ya yi kanta. Lauratu kan amsa gaisuwata a gajarce, ta wuce. Bayan sadakar arba'in, wata safiya ta zo ɗiban ruwa, na nuna mata saman auta. 'Ya'ya sun fito jere a jikin zare, kore shar, kamar wake, sun kama gam. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Da duka shida ne." Ta ɗauki tulunta.

Ba ta kai ga fita ba muka ji ƙararrawar keke. Wani dogon mutum ne cikin kaki, baƙo, ya jingine keken a shinge, da gwangwani rataye a ƙahon keken. Bayansa ƙarti uku ne da gatura a kafaɗa.

"Salamu alaikum. Sannunku da aiki. Ina mai garkar nan?"

"Allah ya yi masa rasuwa," na ce.

"Allah ya jiƙansa. To, da sauƙi ma." Ya zaro takarda daga aljihu. "Maganar ciwon barci ce, an ce ƙudan tsando a inuwar bakin rafi yake zama. Bature ya ba da umarni, duk itacen da bai kai taku ɗari daga ruwa ba, a sare. Yau shaida kawai zan sa. Su kuma ranar Litinin."

Lauratu ta sauke tulun a hankali.

Mutumin ya taka daga bakin ruwa yana ƙirgawa, a taku na tara ya tsaya a gindin auta. Ya ɗaga kai ya dubi 'ya'yan.

"Ikon Allah, dabino a ƙasar nan," ya ce.

Ya ɓalle murfin gwangwanin, ya tsoma tsinke yana juya jan fenti. Gugar jigo na rataye a kanmu, ruwa na ɗiga daga gindinta.