Dutsen Gangar Kabeji

Yayana Zlatko ya kamu da ciwon auna kaya ne shekarar da ya cika arba'in. Wasu mazan in sun kai nan babur suke saya. Shi sikeli ya sayo, irin na auna fulawa, ya shiga ɗora duk abin da ya mallaka a kai. Ya yanke mariƙin buroshin haƙorinsa. Ya ɓalle 'yan ƙyallayen da ke wuyan riguna. Taswira ma bai ƙyale ta ba, ya bi gefenta da almakashi ya zubar da farin, wai ai ba a tafiya a kan farar takarda.

Da muka tsayar da shawarar bin hanyar Kom zuwa Emine a watan Yuli, tafiyar ƙafa ta kusan sati uku a kan tsaunuka har bakin teku, sai ya ce a gidan Baba a Troyan za mu haɗa kaya don ya duba jakata. Dubawar kuwa, zazzage ta ya yi a kan teburin cin abinci.

"Nevena, wannan mene ne?"

"Tawul."

"Tawul ko bargo? Iska za ta busar da ke. Wannan fa?"

"Safa ce, Yaya. A ƙafa ake sa ta, in ka manta."

"Har guda nawa? Kasuwa za ki ci a kan tsauni?"

Haka ya yi ta watsar min da kaya, ina ta haɗiyar takaici. Cokali ɗaya ya bar mana, wai mu riƙa ci bi da bi. Ni da na ƙi shan ruwa a kofinsa tun muna yara!

Baba yana zaune bakin taga, magungunansa jere a gabansa, yana kallonmu yana murmushi. Shi mutumin tsauni ne na zamanin tantin tamfol da tukunyar ƙarfe, lokacin da samari ke hawa da jita a kafaɗa da kankana a jaka. Yanzu zuciyarsa ta gaji. Likita bai ɓoye mana komai ba, mu kuma muka ɓoye wa Baba, shi ma ya yi mana kara ya nuna kamar bai sani ba.

Ya miƙa hannu ya taɓa tantin Zlatko. "Wannan ne ɗakin kwanan naku? Na ɗauka ledar burodi ce."

"Giram ɗari shida ne, Baba," in ji Zlatko, har da ɗaga kai.

"Madalla. Tun da jakarka ba nauyi, akwai wurin dutsena ke nan."

Kowa ya san al'adar hanyar: ka ɗauki dutse a kan tsaunin Kom, ka kai shi Emine ka jefa a teku. Masu hankali tsakuwa suke ɗauka. Zlatko ya riga ya ce tasa ba za ta wuce ƙwayar wake ba. Baba kuwa, lokacin da yake ji da ƙarfi, don ya burge abokansa, sai ya sungumi wani mai girman burodi. Ya kawo shi har rabin hanya, daidai saman garinmu, sai saƙo ya same shi a masauki cewa Mama tana naƙuda tun lokaci bai yi ba. Ya gangaro a guje da dutsensa a baya, aka haifi Zlatko. Daga nan sai aiki, sai ni, sai jinyar Mama. Dutsen ya samu aiki a ɗakin ƙasa, shi ke danne kabejin da muke jiƙawa a ganga duk lokacin sanyi. Shekara arba'in da wani abu yana cikin ruwan tsami.

Zlatko ya yi dariya, sai ya ga Baba ba dariya yake ba.

"Haba Baba, wancan ai ya fi kilo huɗu. Ya fi tantina da jakar barci da tukunya a haɗe."

"Kai ka tare shi a hanya, ai kai ya kamata ka ƙarasa da shi. Ina so in ji ya shiga ruwa ina raye."

Nan fa yayana ya shiga ciniki kamar mai sayen mota. A ɓantari kaɗan da guduma, ai ɓangaren dutse ma dutse ne. Ko a saka shi a bas zuwa ƙauyen ƙarshe, mu karɓa a can mu ƙarasa da shi a ƙafa, teku ba zai tambaya ba. Ko kuwa, tun da dutsen ya riga ya yi rabin farko, mu sauko mu ɗauka in mun iso saman gari. Wallahi duk hujjojinsa daidai ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, bai ma ji ba, yana lissafin abin da kilo huɗu ke yi wa gwiwa a gangara.

Baba ya saurare shi har ƙarshe. "Gaskiyarka," ya ce. "Ku ci gaba da aikinku." Ya tashi a hankali ya fita.

"Ka kyauta," na ce. "Ka ɗora mahaifinka a sikeli, ka ga bai kai tanti ba."

"Ke ba ki san nauyi ba, shi ya sa bakinki ke da sauƙi."

Muna cikin haka na lura shirun ya yi yawa. Ba motsi a banɗaki, ba motsi a ɗakinsa. Ƙofar ɗakin ƙasa ce a buɗe. Muka ruga can.

A tsakiyar matakala muka same shi zaune, dutsen a cinyarsa, ruwan kabeji ya jiƙa masa wando. Ya hau rabi ya kasa. Leɓɓansa sun canza launi, yana jan numfashi da ƙyar, ya rungume abin da hannu biyu. Mutumin da ya ratsa tsaunuka da shi a baya. Ban taɓa jin tausayi mai zafin wannan ba.

"Na so ne kawai in ɗora shi a sikelin naka," ya ce. "Ina jin ya ƙara nauyi."

Zlatko ya karɓi dutsen ya ajiye, ya ɗauki Baba cak ya kai shi gado.

Kada a ɗauka yayana ya warke. Ya ɗauki dutsen, ƙwarai, amma don jakarsa ta tsaya a nauyin da ya rantse ba za ta wuce ba, sai ya juye tanti da tukunya da rabin abinci a tawa. Shi ya tafi da lada, ni na tafi da kaya. Mun wanke dutsen da sabulu har sau uku, warin bai ko gezau ba. Karnukan makiyaya suka yi ta bin mu. A masaukan kan tsauni, mutane kan shigo su shinshina, su dube ni, su ja gadonsu can gefe. Wata rana ƙanƙara ta same mu a fili, tantin giram ɗari shida ya kwanta a fuskokinmu, kuma dutsen nan ne ya danne gefensa iska ba ta tafi da shi ba. Na buɗe baki zan yi magana, Zlatko ya ce in na furta kalma ɗaya a nan zai bar ni.

Kullum sai ya zagi dutsen. Ya goge masa fatar baya, ya kumbura masa gwiwa. Amma ranar da na ce ya kawo in taya shi, sai ya harare ni kamar na ce ya ba ni ɗansa.

Mun isa Emine da rana tsaka, mun yi baƙi, mun rame, muna wari mu da dutsen ba a bambancewa. Teku na can ƙasa yana dukan gindin tudu. Na kira Baba ta bidiyo, maƙwabciyarmu ta riƙe masa wayar. Ya ƙara zabgewa a 'yan makonnin nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na juya masa wayar ya ga ruwan. Ya daɗe yana kallo.

Zlatko ya ciro dutsen ya ɗaga da hannu biyu. "To Baba, ga mu. Ka ƙirga, in jefa."

Baba bai ƙirga ba. Na ɗauka layin ne ya yanke.

"Zlatko."

"Na'am, Baba."

"Kada ka jefa."

"Me ka ce?"

"Ku dawo min da shi. Na ga hanyar ba wuya, tun da har ku kun iya. Baɗi in na ji ƙarfi, ni zan kai shi da kaina."

Na dubi yayana. Gwiwarsa ɗaure da ƙyalle, bayansa duk ciwo. Na jira ya fashe. Ni kam hawaye sun riga sun hana ni ganin wayar.

Ya sauke dutsen a hankali ya rungume shi a ƙirji.

"To, Baba," ya ce. "Amma fa sai ka fara motsa ƙafa tun yanzu, don ba za mu tsaya jiran ka a hanya ba."